A'isha Macky: waƙa a bakin mai ita

A ƙasar Hausa akwai maganganun da kowa ya sani, amma ba mai faɗar su a bainar jama'a. Ana yin su a ƙuryar ɗaki, ko a bakin rijiya da murya ƙasa-ƙasa, ko kuma a saka su cikin habaici ranar suna. Ɗaya daga cikinsu ita ce maganar matar da ta shekara biyar ko goma a gidan miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Kowace unguwa tana da irin wannan mata, kowane dangi ya san tasa. An laƙaba mata suna, juya, an kuma yanke mata hukunci tun ba a saurare ta ba. A shekarar 2016 wata 'yar Damagaram mai suna A'isha Macky ta ɗauko wannan magana daga ƙuryar ɗaki ta aza ta bisa farin allon silima, inda ɗaruruwan mutane ke kallo a lokaci guda. Abin da ya sa aikinta ya cancanci a tsaya a kansa shi ne hanyar da ta bi: kafin ta roƙi wata mace ta buɗe mata cikinta, sai da ta fara buɗe nata.

Irin fim ɗin da take yi ya bambanta da finafinan Kano da aka saba kallo a gidaje. A can marubuci ne ke tsara labari, 'yan wasa su hau, in an gama kowa ya tuɓe rigar wasa ya koma gidansa. A fim na zahiri kuwa, wanda Faransawa ke kira dokimanter, babu ɗan wasa. Wadda ta yi kuka a gaban kamara, kukanta ne na gaskiya, kuma gobe da safe za ta fita kasuwa ta haɗu da waɗanda suka gan ta, har da dangin mijinta. Saboda haka babban jarin mai wannan sana'a shi ne amana. Kamara ana sayenta, ana kuma koyon riƙe ta cikin 'yan watanni. Amma yardar mutum ya bari a ɗauki hoton rauninsa, wannan ba ta da kasuwa. Duk tarihin aikin A'isha Macky amsa ce ga tambaya guda: ta yaya ake samun wannan yarda a cikin al'ummar da ta ɗauki rufin asiri a matsayin rabin arziki?

Waɗanda suka share hanya

Nijar ba baƙuwa ba ce a fagen silima. Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa ƙasar a 1941 a matsayin injiniyan ayyuka, ya shafe sauran rayuwarsa yana ɗaukar mutanen bakin kogin Kwara, har ajali ya cim masa a hatsarin mota kusa da Birnin Konni a 2004. A hannunsa Umaru Ganda ya fara fitowa, cikin fim ɗin «Moi, un noir» na 1958, kafin shi ma ya zama mai shirya nasa. Fim ɗin Ganda, «Le Wazzou polygame», shi ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Mustafa Alasan shi ma ya ɗaga sunan ƙasar tun farkon shekarun 1960. Sai dai tun a wancan zamani akwai muhawarar da ba ta mutu ba har yau. A 1965 Usman Sembene na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa Turawa masu nazarin Afirka suna kallon mutanenta kamar yadda ake kallon ƙwari. Abin da yake nufi a fili yake: wanda ke riƙe da kamara shi ke da iko, wanda ake ɗauka kuwa sai yadda aka yi da shi.

In haka abin yake tsakanin Bature da baƙar fata, haka yake tsakanin namiji da mace. A finafinan farko na Nijar mata suna gaban kamara, maza suna bayanta. Zalika Sule, wadda ta fara fitowa a fim ɗin Mustafa Alasan a 1966, ta kuma taka rawa a «Le Wazzou polygame», ta biya tsadar wannan matsayi: jama'a sun kasa raba ta da matan da take kwaikwayo, suka yi ta jifan ta da miyagun sunaye. Lokacin da Rahmatu Keita ta shirya fim a kan rayuwarta, «Al'lèèssi», wanda ya fito a 2004, ta tarar da ita cikin ƙuncin rayuwa a Yamai. Zalika ta rasu a 2021.

Mace ta farko a Nijar da ta koma bayan kamara ita ce Mariyama Hima. Cikin shekarun 1980 ta ɗauki masu sana'ar hannu na Yamai, waɗanda ke mayar da tsohuwar taya takalmi da guga, da masu narka gorar ruwa su zuba tukwane. Ɗaya daga cikin finafinanta sunansa «Baabu Banza». Daga baya ta zama jakadiyar Nijar a Faransa. A Senegal kuma Safi Faye ta riga ta nuna, tun 1975, cewa 'yar ƙauye na iya komawa ƙauyensu da kamara ta bar manoma su yi magana da bakinsu. Amma kafin A'isha Macky ta girma, gidajen silima na manyan garuruwa sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin da gwamnati ke sakawa ya ƙafe, bidiyo ya shiga gidaje. Ta gaji suna mai girma da rumbu wanda babu hatsi a ciki.

Daga ilimin zaman jama'a zuwa kamara

An haife ta a Damagaram a 1982. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa tun tana ƙaramar yarinya, kuma wannan rashi zai dawo daga baya ya zama ginshiƙin babban aikinta. Ta yi karatun ilimin zaman jama'a a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sannan ta shiga makarantar IFTIC, inda ake horar da ma'aikatan jarida da rediyo da talabijin. Daga nan ta wuce Jami'ar Gaston Berger da ke birnin Sanlui na Senegal, wadda ke da sashe na musamman na koyar da shirya fim na zahiri, sashen da ya yaye matasa da dama daga ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci.

Wannan sauyi daga alƙalami zuwa kamara yana da dalili. Mai nazarin zaman jama'a yakan yi tambayoyi, ya cika takardu, ya rubuta kundi cikin Faransanci mai wuya, a ajiye shi a ɗakin karatu. Matan da aka yi binciken a kansu ba za su taɓa karanta shi ba, domin mafi yawan matan Nijar ba su sami zama a lakwal ba. Fim kuwa ba ya tambayar mai kallo takardar shaida. Tsohuwar da ba ta san baƙi ba tana iya kallonsa ta gane, ta yarda ko ta musa. Gani ya kori ji.

Gajeren fim ɗinta na farko, a 2011, sunansa «Moi et ma maigreur», wato ni da ramata. Tun daga sunan an ga hanyar da ta zaɓa. A wuraren da ake auna kyan mace da jin daɗinta a gidan miji da cikar jikinta, siririyar mace ba ta da sakat: ko a ce ba ta da lafiya, ko a ce miji ba ya ciyar da ita, ko a yi ta raɗe-raɗin wata muguwar cuta. A yammacin ƙasa an san gasar ƙiba da ake kira hangandi. A birane kuma 'yan mata na haɗiyar ƙwayoyin da aka yi don wasu cututtuka daban, domin su kumbura, ƙwayoyin da ke iya jawo hawan jini da ciwon suga. Da A'isha ta so, da ta je ta ɗauki waɗannan 'yan mata ta nuna wautarsu. Sai ta juya kamara a kan jikinta, ta ce ga wadda ake yi wa gorin.

Na biyu, «Savoir faire le lit», wanda ya fito a 2013, ma'anarsa iya gyaran shimfiɗa. Zamanta a Senegal ya nuna mata yadda matan can ke koya wa junansu sha'anin aure ba tare da ɓoye-ɓoye ba, sai ta auna wannan da shirun da ke tsakanin uwa da 'yarta a Nijar. Kowa ya san yadda kunya take a gidan Bahaushe: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zaunar da 'yarta ta yi mata bayanin abin da ke jiran ta a ɗakin miji. Akan bar wannan ga gwaggo ko ƙawaye, wani lokaci ma ba a bar wa kowa ba. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, wannan shiru yana da tsada, kuma yarinya ce ke biya.

Itacen da ba ya 'ya'ya

Waɗannan gajerun finafinai biyu share fage ne. Babban aikin shi ne «L'arbre sans fruit», itacen da ba ya 'ya'ya, fim mai tsawon minti 52 da ya fito a 2016. Sani Magori, ɗan Galmi, wanda shi ma ya yi suna da fim ɗinsa a kan manoman albasa, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shirya shi, tare da wani kamfanin Faransa mai suna Les films du balibari.

Kafin a gane nauyin wannan fim sai an tuna ƙasar da aka yi shi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa macen Nijar, in aka daidaita lissafi, tana haihuwar 'ya'ya 7,6 a rayuwarta, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya a lokacin. A jihohin Maraɗi da Damagaram ma ya haura 8. Binciken 2021 ya nuna ya sauko zuwa 6,2, wanda har yanzu babban adadi ne. Duk baƙon da ya zo yin rahoto a kan matan Nijar, maganar yawan haihuwa ke kawo shi. Taruka, da tsare-tsare, da kuɗin agaji, duk sun karkata can. Ba wanda ya waiwayi wadda ke tsaye a gefe hannu rabbana, alhali yawan haihuwar maƙwabtanta shi ke ƙara wa rashinta zafi.

Rayuwar irin wannan mata sananna ce. Shekarar farko ana yi mata addu'a, ta biyu ana tambaya, ta uku an fara kallon cikinta kafin a gaishe ta. Uwar miji ta soma zancen ƙarin aure. In kishiya ta shigo ta haihu, an gama shari'a. Takan zama mai zuwa sunan kowa, mai dama kunun jegon kowa, mai zuba biki wanda ba za a taɓa rama mata ba. Kuɗin adashinta da 'yan kadarorinta suna ƙarewa tsakanin rubutun sha, da saiwoyi, da hayaƙi, da 'yan bori, da asibiti. In an ba ta riƙon ɗan 'yar'uwa, ranar da ta tsawata masa za a tuna mata ba ita ta haife shi ba. In miji ya mutu, rabonta na gado kaɗan ne, gidan kuma na 'ya'yan wata ne. Ga tsoron tsufa babu mai kawo ruwa. Wabi, wadda 'ya'yanta ke mutuwa, ana tausaya mata. Juya kuwa har zarginta ake yi.

A'isha Macky ta shiga wannan magana a matsayin ɗaya daga cikinsu: matar aure ce da ba ta sami haihuwa ba, ta kuma faɗi haka da bakinta a cikin fim ɗin. Ta gina shi kamar wasiƙa zuwa ga mahaifiyarta marigayiya. Wannan zaɓi ya haɗa iyaka biyu na ƙaddarar mace a wuri guda: uwar da ta rasa ranta wajen ba da rai, da 'yar da ake yi wa kallon ba ta cika mace ba don ba ta bayar ba. Mai kallo ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kafin ya ga cewa ma'aunin da aka auna su biyun da shi ɗaya ne.

Saboda ta fara da kanta, sauran matan suka saki jiki. Ba su ga 'yar boko mai tambayoyi a gabansu ba, sun ga abokiyar kuka. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a nan abin ya zarce haka: ciwon iri ɗaya ne, kuma mai kamarar ta riga ta ajiye nata asirin jingina. Duk abin da zai sami wadda ta yi magana, zai fara samun wadda ta ɗauka. Wannan ita ce amsar da ta bayar ga tsohuwar ƙorafin Sembene. Ba a kallon mutum kamar ƙwaro in mai kallon yana cikin kwalba ɗaya da shi.

Rabon namiji

Wurin da fim ɗin ya fi sosa wa jama'a shi ne maganar maza. A ilimin likita, ana cewa ma'aurata na da matsalar haihuwa in sun shekara guda suna tare ba tare da wani tsari na hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na fuskantar wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashe masu arziki da matalauta baki ɗaya. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, namiji na da hannu a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matarsa.

Dalilan ba asiri ba ne. A wajen mace, sau da yawa ciwon sanyi ne da ba a yi maganinsa da wuri ba yake toshe hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ko cutar da ta biyo bayan ɓari ko haihuwar da ba a kula da tsabtarta ba, ko ƙari a mahaifa, ko rikicewar al'ada. A wajen namiji, ƙwayoyin maniyyi na iya yin kaɗan, ko su rasa kuzari, sanadin ciwon sanyi, ko kumburin jijiyoyin maraina, ko hangum da ya kama shi bayan ya balaga. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, iya ba da ciki daban. Mutum na iya zama lafiyayye a na farko, ya gaza a na biyu.

Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha: a karɓi maniyyi a duba a na'ura. Na mace ya fi tsawo, ya fi tsada, wani ma da zafi. Duk da haka mace ce ke jerin gwano a ƙofar likita ita kaɗai, shekara da shekaru, mai gida kuwa yana ganin ko tambayarsa aka yi an ci mutuncinsa. Wani sai ya saki ta fari, ya saki ta biyu, ya auro ta uku, gidan shiru, kuma har lokacin ba a sami mai ƙarfin halin ce masa ya je a duba shi ba. Sau nawa aka ga wadda aka saka don rashin haihuwa ta yi wani aure ta haihu cikin shekara? Unguwa takan gani, ta yi murmushi, ta yi shiru.

Addini ma bai goyi bayan wannan zalunci ba. Ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun bayyana cewa bayar da 'ya'ya mata, ko maza, ko gauraye, ko hanawa baki ɗaya, duk ikon Allah ne, kuma ba su ware mace a wajen hanawar ba. Nana A'isha, Uwar Muminai, ba ta haihu ba, wannan kuwa bai rage komai daga darajarta ko iliminta ba. Al'ada ce ta ɗora wa mace kayan mutum biyu, sannan ta ara wa kanta rigar addini.

Fim ɗin ya zagaya bukukuwan silima na ƙasashe da dama, ya kuma ci kyautar fim na zahiri mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a Nijeriya a 2016.

Abin da masu suka ke cewa

Irin wannan aiki ba ya rasa masu suka, kuma ba duk sukar ce ta banza ba. Ta farko ita ce ta tonon asiri. Aure sirri ne tsakanin mutum biyu. Macen da ta yi maganar rashin haihuwarta a fili ta taɓa mijinta da danginsa ko ba ta ambace su ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nauyin da ke kan mai fim yake da girma: wajibi ne duk wadda za ta fito ta san inda hotonta zai je, ta kuma yarda da zuciya ɗaya. Amma ya kamata a tambaya, asirin wa shirun yake rufewa? Matar dai nata a tone yake tun tuni, kowa na ganin bayanta babu goyo. Wanda shirun ke karewa shi ne wanda bai je gwaji ba.

Suka ta biyu ita ce ta kuɗin waje. Mafi yawan finafinan zahiri na Nijar da kuɗin Turai ake yin su, a can kuma ake fara nuna su. Akwai haɗarin mai fim ya riƙa zaɓen abin da baƙo ke son gani, wato talauci da hawaye. Wannan haɗari na gaske ne, kuma ba zai gushe ba muddin ƙasa ba ta saka ko dala a aikin 'ya'yanta. Sai dai a nan ma'aunin mai sauƙi ne. Labarin da baƙi suka saba saye a kan Nijar shi ne na yawan haihuwa. A'isha Macky ta kai musu akasinsa, labarin da ya fi damun na gida fiye da na waje.

Komawa Damagaram

Bayan shekara biyar ta fito da dogon fim mai suna «Zinder», wanda aka fara nunawa a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwis a 2021, daga baya tashar Arte ta watsa shi. Kamfaninta, Tabous Production, yana cikin waɗanda suka shirya shi, sunan kamfanin ma yana nufin abubuwan da aka hana faɗa. A wannan karo ta shiga Kara-Kara, unguwar da asalinta matsugunin kutare ne da sauran waɗanda gari ya ture gefe, inda ƙungiyoyin matasa da ake kira pale suka yi ƙarfi. Sunan waɗannan ƙungiyoyi ya cika bakin jama'a musamman bayan tarzomar 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a birnin.

Wani zai ce ta bar maganar mata ta koma ta maza. Wanda ya kalli fim ɗin da kyau zai ga zaren bai tsinke ba. Matasan da ke ɗaga ƙarfe don su tara ƙwanji, da masu fasa dutse, da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Nijeriya a garin da ke da matatar mai tun 2011, su ma mutane ne da aka yanke wa hukunci ba a saurare su ba, kamar juya. Su ma jikinsu ne ke ɗauke da tarihinsu, shi ya sa kamara ke tsayawa a kan tabon wuƙa da na adda. Mata kuma suna nan: mata masu zaman kansu, waɗanda su ne suka fi ɗanɗana muguntar 'yan pale, suna faɗin abin da aka yi musu. Fim ɗin bai wanke masu laifi ba, bai kuma mayar da su dodanni ba.

A nan ma amana ce ta buɗe ƙofa. Ita 'yar garin ce, da Hausar garin take magana da su, amma ba ta ɓoye cewa ita ta sami abin da su ba su samu ba, wato makaranta. Mace ɗaya da 'yan ma'aikatanta a tsakiyar mazan da gari ke tsoro, ba ƙarfi ne zai kare ta ba, sai doguwar zama da cika alkawari.

Abin da ya rage

Kyaututtukan waje suna da daɗi, amma ba don mutanen Suwis aka yi «L'arbre sans fruit» ba. Masu shi suna Tasawa, da Mirya, da Madawa, da Dakwaro. Tunda gidajen silima sun yi ƙaranci, sauran hanyoyin su ne talabijin na ƙasa da masu zaman kansu, da silimar tafi-da-gidanka da ake kafawa a dandalin ƙauye, da makarantu, da ɗakunan jira na gidajen haihuwa. Wuri mafi dacewa kuwa shi ne inda maza ke taruwa, a fada da majalisa, domin mata sun riga sun san abin da ke cikin fim ɗin.

Haƙƙin da ke kan hukumomin lafiya shi ne su ɗauki rashin haihuwa a matsayin ciwo mai magani, kamar yadda suka ɗauki tazarar haihuwa, su kuma sa ya zama ƙa'ida a duba miji da mata tare tun zuwan farko. Na malamai shi ne su faɗi hukuncin gori da cin zarafi a kan mumbari. Na iyayen miji shi ne su tuna su ma suna da 'ya'ya mata a gidajen wasu. A'isha Macky ta sauke nata nauyin da abin da ya fi tsada a wurin 'ya mace, wato sirrinta. Allah ya ba masu nema, ya kuma ba waɗanda bai ba haƙuri da abokan zama masu adalci.